Dutsen Awara

Lahadi, bayan la'asar

Na iso Agege. Danfo, motar hayar Legas, ya ajiye ni a Iyana Ipaja na hau okada, mai okadan ya ɗauke ni baƙuwa, ya dinga yi mini bayanin hanya da Hausar Sakkwato, ni da aka yanke wa cibi a bayan kwata. Na bar shi ya gama.

Gida yana nan yadda na bar shi. Dogon lungu ne, ɗakunan haya suna kallon juna, na Inna a farko jikin titi, nawa a can ƙarshe jikin rumfar girki. Inna ta dube ni sama da ƙasa, idonta ya ɗan tsaya a cikina sannan ya wuce. Ba ta tambaya ba. Tun da na auri Mu'az na koma Kaduna ba ta taɓa tambaya da baki ba, a sujada take kai maganar.

Gobe za mu fara horon da ya kawo ni, a wata cibiyar bincike. An tara mu ne, matasan masu bincike a kimiyyar nukiliya daga nan da Nijar da Gana, za a koya mana sababbin na'urorin awo da kuma yadda ake gina gwaji sukutum a cikin kwamfuta. Na yi wa Inna bayani, ta ce, “Wato Uwata, digiri biyu kin yi, har yanzu ba a gama koya miki ba.” Uwata take ce mini, don sunan mahaifiyarta aka sa mini, Radiyya.

Talata, bayan magariba

Dakta Bilkis ce shugabar horon. Bayarbiya ce, gajeriya, ta yi karatu a Zariya, saboda haka ba damar mu yi gulmarta da Hausa. Ranar farko ta rubuta dokarta a allo ta ce kar kowa ya goge: in ka ga abin mamaki a awonka, ka fara zargin kanka, sannan na'urarka, sannan ka zo ka dame ni. Ta ce rabin abubuwan al'ajabin da ɗalibai suka gano mata a rayuwa, waya ce ta kwance.

Yau aka nuna mana ɗan maɓallin siziyom da ake saita na'ura da shi. Bai kai kwabo ba, ana ɗaukarsa da hantsaki. In ka ajiye shi gaban na'ura, zanen da ke kan kwamfuta sai ya fitar da tsini ɗaya a wuri ɗaya, kullum nan. Kowane sinadari da inda tsininsa yake fitowa, ta nan ake gane shi. Da rana kuma muka koyi ɗaya ɓangaren: ka zana ɗakin da bangonsa da na'urar a cikin kwamfuta, ka harba miliyoyin ƙwayoyin haske na ƙarya, ka ga ko lissafi zai yi daidai da awo. Na ji daɗin wannan ƙwarai, har na manta ban ci abinci ba.

Abokin teburina Ismaël ne, ɗan Nijar, daga Arlit inda ake haƙar yuraniyom. Ba ya dariya da wuri.

Alhamis, bayan isha'i

An ba kowa ƙaramar na'ura ya kai gida, ya auna abin da ke cikin iskar unguwarsu na yau da kullum. Aikin yara ne, don dai hannu ya saba. Tana ɗan yin ƙara, kit, kit, jefi-jefi. Inna ta saurara ta ce, “Gyare kika kawo mini gida.” Shi ke nan sunan ya bi ta.

Na tarar da ita a rumfar girki tana danne awarar gobe. Ta ɗaure a ƙyalle ta ɗora a faranti, sannan ta sunkuya ta rungumo wani dunƙulen ƙarfe ta jingina shi da cikinta ta aza. Bai kai tukunyar miya girma ba, amma sai da ta yi nishi. Na ce ina tsohon dutsen? Ta ce ya tsage, Kawu Mato ne ya kawo mata wannan daga wajen gwangwaninsa kafin azumi, ya ce ya buga ya buga ya ƙi fashewa, gara ya yi amfani. Ta ce tun da take awara ba ta taɓa samun dutse mai tsane ruwa irinsa ba, masu saye har daga Mile 12 suna aiko yara.

Tafin hannunta ya yi ja. Ta ce mai ne ya fantsamar mata.

Na ajiye gyare a teburina, na haɗa shi da kwamfuta, zai kwana yana awo. Kukansa ya fi na cibiya yawa, amma ai Agege ce, komai namu ya fi na kowa hayaniya.

Juma'a, bayan la'asar

Na sha kunya yau. Na buɗe awon gida a gaban aji, sai ga tsini tsaye a wurin siziyom, kamar an kwafo daga na ɗakin gwaji. Dakta Bilkis ko tasowa ba ta yi ba. Ta ce, “Malama Radiyya, ko dai kuna da ɗakin gwaji a Agege ba mu sani ba, ko kuma kin buɗe fayil ɗin saiti na ranar Talata. Wanne ya fi sauƙi?” Aka yi dariya, ni ma na yi. Ta nuna dokarta a allo da biro.

Gaskiyarta ce. Fayilolin nan sunayensu kusan ɗaya, ni kuma na san halina da gaggawa.

Asabar, da hantsi

Na goge komai na sake daga farko.

Litinin, bayan magariba

Tsinin ya sake fitowa.

Ban nuna wa Dakta ba. Na cire wayoyi na mayar, na canza batir, na bi lissafina layi-layi har idona ya yi yaji. Na auna a cibiya da rana, babu tsini. To ko na'urar tana riƙe tsohon awo ne a cikinta, sai an haɗa ta da tawa kwamfutar ta amayar? Haka na rubuta a matsayin dalili, na ma ja masa layi.

Ismaël ya leƙo ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Madam, mi ag gidanku na ƙarhe?” Na ce ƙarfe kuma? Gidan haya ne, daga tukunya sai gado. Ya ce a garinsu mutane suna sayen ƙarafan da kamfani ya zubar, su yi tukwane, su yi ƙyaure, sai bayan shekaru wasu suka zo da na'ura suka bi gida-gida. Ya ce, “Bon, ni dai tambaya na yi.” Na ce masa nan Legas ce, ba mu da ma'adini sai bola.

A danfo na tuna da wani abu, na kawar da shi. Ba zan rubuta ba.

Talata, bayan asuba

Inna ta yi amai sau biyu kafin ta ɗora tukunya. Ta ce ƙaurin waken suya ne. Jan hannun ya hau har wuyan hannu, ya fara ƙuraje masu ruwa. Da ta ɗaga riga za ta gyara zani na ga wani jan a cikinta, zagayayye, daidai inda take jingina abin.

Ta ce mai ne.

Mai ba ya ratsa riga da zani ya bar su lafiya lau.

Laraba, da azahar

Ban je cibiya ba. Na jira 'yan haya suka fita, Inna ta tafi markaɗe, na cire gyare daga kwamfuta na riƙe shi a hannu.

A ɗakina kit, kit, kit. Na fita lungu na nufi titi, ya ragu. Na juyo, ya ƙaru. Na wuce ƙofata na shiga rumfa, kukan ya haɗe ya zama ɗaya, ba tsayawa. Na zagaya dutsen awarar daga nesa. Ta gefe ɗaya akwai ɗan wuya da Kawu ya lanƙwasa da guduma, da rami a tsakiyarsa. Da na zo saitin ramin, allurar da ke fuskar gyare ta tafi ƙarshe ta manne.

Na kashe shi. Na koma bakin titi na zauna kan dakali. Mai lemo ya gaishe ni na amsa, har na tambaye shi iyali. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba na kaina ba ne.

Na kira Dakta Bilkis. Na ce na zargi kaina, na zargi na'ura, yanzu na zo in dame ki. Ba ta yi dariya ba.

Laraba, bayan isha'i

Sun zo ita da Ismaël da babbar na'ura a cikin jakar kasuwa, don kar unguwa ta taru. Dakta ta auna, ta ja baya, ta ce wani abu da Yarbanci a hankali, na ji, ba zan rubuta ba. Ta ce irin wanda masana'antu suke auna kaurin ƙarfe da shi ne, kaskon dalma ne da ƙwaya a ciki, guduma ta buɗe masa baki. Awarar ba ta ɗauki komai ba, ba ya zuba. Wanda ya rungume shi ne abin ji.

Ba ya zama a kan bakinsa saboda wuyan, sai dai a kwance ko bakin ya kalli sama. Ismaël ya sa doguwar taɓarya ya mirgina shi har bakin ya kalli katangar baya, inda ba kowa sai kwatami. Muka kewaye shi da bulo, muka kife babban baho a kai. Dakta ta kira hukumar da abin ya shafa, suka ce akwatin ɗaukarsa yana wani gari, za su taho da shi, kar kowa ya taɓa. An gaya wa 'yan haya maganin ɓera aka zuba, kowa ya yi girki a ƙofarsa.

Sannan na zaunar da Inna. Na ce wuta ce marar hayaƙi, ba a ganinta, ba a jin zafinta sai ta gama ƙuna. Na gaya mata abu ukun da ake koya wa kowa ranar farko: kar ka daɗe kusa da shi, ka sa shinge, ka yi nisa. Na ce nisa ya fi komai, kuma bakin nan kar ya kalli mutum.

Ta saurara har na gama. Ta ce, “Bangon can da yake jingine, ba shi ne na gadonki ba?”

Na ce shi ne, amma ga bango ga bulo, zan ja gadon, zan kuma lissafa.

Ta ce, “Yana hana haihuwa?”

Da na sani da na yi ƙarya. Amma an koya mini in faɗi abin da na sani. Na ce in ya yi yawa zai iya.

Ta ce to. Ta roƙe ni abu ɗaya, kar in ƙara kunna gyare a lungu, 'yan haya za su gane, mai gida ya ji ya watso mana kaya. Na ce ba zan kunna ba sai a teburina.

Alhamis, bayan magariba

Ba su zo ba. Na ce wa Inna in dawo ɗakinta da kwana, ta ce bari ta gyara tukuna. Na kwana a tabarma ta bakin ƙofata.

Juma'a, bayan la'asar

Kawu Mato ya zo da safe da kurar turawa, kafin in fita. Labari ya kai masa. Idonsa ja, ya ce, “Yaya, ki ba ni kayana in san inda zan kai shi. In gwamnati ta zo ni za a ɗaure, su ce Bahaushe ya ajiye bom a Agege. Kin san yadda ake kallonmu.” Na ce ina za ka kai shi, Kawu? Ya ce ko ruwan lago ko bola, ko ya haɗa shi da lodin da za a kai narkarwa. Na ce in aka narka shi, rodin gidajen mutane zai shiga. Ya ce, “Ke Radiyya, abeg, bokonki ne ya jawo mana wannan. Da lafiya lau muke zaune.”

Ban ga laifinsa duka ba. Tsoro ne, kuma ba daga sama ya samo shi ba.

Inna ta tsaya a bakin lungu ta ce, “Mato, ka juya kurarka.” Ya ce zai dawo lokacin da ba kowa. Ta ce ya dawo ɗin.

Da na dawo daga cibiya baho yana nan a kife yadda muka bar shi. Na hango shi daga nesa na yi hamdala. Inna tana kwance, ta ce bayanta ne ya riƙe.

Asabar, da azahar

Na kai ta asibiti da takardar Dakta. An ɗebi jinina, an ɗebi nata, an naɗe mata hannu. Likita ya ce a kwantar da ita. Ta ce ita ba za ta kwana a wani wuri ba, ta bar ɗakinta. Na ce Inna, me ke cikin ɗakin, kwanukan da ko ɓarawo ya gani sai ya yi miki jaje? Ba ta yi dariya ba. Makullin yana ɗaure a bakin zaninta, tana ta taɓa shi da naɗaɗɗen hannun.

Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta kulle ɗaki da rana ba.

Lahadi, bayan isha'i

Na ɗauki filo da tabarma na je ƙofarta. Ta buɗe kaɗan, ta tare da jikinta. Na ce zan kwana in kula da ita. Ta ce, “Koma ɗakinki.” Na ce ai ke kika ce za ki gyara. Ta ce, “Na ce ki koma. Ke ba ki jin magana ne? Kin girma kin yi aure, ki bar ni in sha iska.” Ta rufe, na ji ta sa sakata.

Na tsaya a lungu riƙe da filo, matar ɗakin da ke kallon nata tana leƙe. Raina ya ɓaci sosai. Na ce a raina ita ma laifina take gani, kamar Kawu: na zo da gyare na kashe mata sana'a, na sa ta a bakin unguwa. Abincinta ma a ƙofa ta ce in dinga ajiyewa.

Mu'az ya kira, na ce komai lafiya.

Litinin, bayan magariba

Labari mai daɗi, in akwai shi. Na kunna gyare a teburina, kukan ya ragu ƙwarai, kusan kamar na cibiya. Bulo ya yi aiki.

Abin da ya dame ni kawai, ya yi aiki fiye da yadda lissafina ya ce. Na gina rumfar a kwamfuta, da bangon da bulon da bahon, na harba, kwamfuta ta ce ya kamata in ji ninki da yawa na abin da nake ji. To wa ya yi kuskure? Dokar tana allo. Na san halina da gaggawa. Wataƙila bulon Agege ya fi wanda na sa nauyi, wataƙila bangon ya fi kauri. Na ƙara wa bulo nauyi a lissafi, na ƙara wa bango kauri, na sake harbawa. Lissafi da awo sun fara matsowa kusa.

Hutun gwamnati ne gobe. Mutanen hukuma sun ce sai bayan hutu.

Talata, da hantsi

Ba su zo ba. Baho yana nan. Tuwon jiya yana ƙofarta ba a taɓa ba.

Laraba, bayan la'asar

Na nuna wa Ismaël yadda na daidaita lissafi da awo, ina jiran yabo. Ya duba lambobin ya ce, “Wanga bulo naki, da zinariya aka yi shi?” Na ce me ya gani? Ya ce nauyin da na ba shi babu bulon da ya kai haka a duniya. Na ce to awo ai ba ya ƙarya. Ya ce, “Awo ba shi ƙarya. Amma mi kika auna?” Na ce abin da ke bayan bangona mana. Nan aka kira mu aji.

Dakta ta kira mutanen hukuma a gabana, ta ɗaga murya, abin da ba ta yi. Sun ce gobe da safe.

Inna ta fito alwala ɗazu tana bin bango. Ɗankwalinta ya zame, ta yi sauri ta mayar. Na ga gashin da ya zube a kan ɗankwalin. Na taso zan riƙe ta, ta ɗaga hannu ta ce, “Tsaya nan.” Na tsaya. Daga nesa muka yi magana, ni a ƙofata ita a tata, duk tsawon lungun a tsakaninmu. Ta tambaye ni ko sakamakon jinina ya fito. Na ce tukuna. Ba ta tambayi nata ba.

Na daɗe ina kallon bahon daga taga. Ina iya zuwa in kunna gyare a gefensa, ba a lungu ba ne, ban karya alkawari ba. Ban je ba. Dakta ta ce kar kowa ya matsa, na ce wa kaina shi ya sa.

Alhamis, da azahar

Sun zo.

Mutum uku da farar mota da akwati mai taya. Unguwa ta taru, ba yadda za a yi. Kawu Mato yana can tsallaken titi ya rungume hannu. Ogansu dattijo ne mai sanyin magana, ya ce kowa ya fita, aka fita, ban da Inna da ta ce ba ta iya tashi. Ya ce ba komai, ɗakinta ne mafi nisa. Ni aka bari in nuna musu wurin.

Ba su kunna na'ura ba sai da muka isa rumfa, don sun san inda za su. Suka kunna. Kit. Kit. Dattijon ya dubi Dakta, Dakta ta dube ni. Ɗayansu ya sa doguwar sanda ya ɗaga bahon.

Bulo ne kawai, da shatin inda abin ya kwanta.

Na ce Kawu. Dattijon ya juya da na'urar a hannu ya shiga lungu. Ya wuce ƙofata, shiru. Ya ci gaba. Tun daga tsakiyar lungun na fara jin kukan, kuma na san ƙafafuna sun riga kaina sani, don ban san lokacin da na wuce shi ba. Dakta ce ta riƙo mini mayafi.

Inna ta buɗe da kanta. Ta ce, “Yana ƙarƙashin gado. Ku yi a hankali, yana da nauyi.”

Aka fito da ita aka zaunar a dakalin waje. Na durƙusa a gabanta, na ce tun yaushe? Ta ce tun Juma'a, da na fita. Mato ya ce zai dawo, kuma rumfa ba ta da ƙofa. Ta ce ta dubi gidan kaf, ɗaki ɗaya ne mai makulli, kuma shi ne ya fi nisa da nawa.

Ta ce, “Ke kika ce nisa ya fi komai.”

Na ce Inna, bakin fa? Ina kika juya bakin?

Ta ce ta yi tunanin wannan. Baya gidan masu yara ne, hagu titi ne, gaba ƙofar maƙwabciya, dama kuma ɗakuna ne a jere har zuwa ɗakina. Ta ce, “Sai na tayar da shi ya kalli sama. Sama ba kowa sai ni.”

Dakta Bilkis ta juya mana baya ta tsaya tana kallon titi.

Juma'a

Asibiti.

Lahadi, bayan la'asar

Sakamakona ya fito, lafiya lau. Likita ya kira ni waje a kan nata, ya yi magana a hankali, yana zaɓen kalmomi. Na fahimci kowace lamba da ya faɗa, wannan ne amfanin horon. Ba zan rubuta su ba. Na kira Mu'az na ce ya taho.

An sa ta a ɗaki ita kaɗai, sai ka wanke hannu ka rufe baki da hanci kafin ka shiga, don jininta ba ya iya faɗa da ko mura yanzu. Na shiga na ce mata nawa ya fito, babu komai. Ta rufe ido ta ce alhamdulillahi, ta maimaita. Na matsa zan zauna a bakin gado, ta ce, “Tsaya daga ƙofa, Uwata.”

Na ce Inna, an tafi da shi, yana cikin akwati.

Ta ce, “Ai na kwana da shi. Ya shiga jikina. Kar in shafa miki.”

Na ce ba ya zama a jiki, wucewa yake yi, babu komai a jikinki da zai taɓa ni. Ta ce haka na ce bulo ya isa. Na kira likita. Likita ya gaya mata, nas ta gaya mata da Yarbanci, ta ce ta ji, amma dai in tsaya daga ƙofa.

Gyare yana jakata, Dakta ba ta karɓa ba tukuna. Na goge shi da maganin da suka ba ni, na kunna, na miƙa wa nas ta ɗora mata a kan ƙirji.

Kit.

Shiru mai tsawo.

Kit.

Inna ta daɗe tana saurare, idonta a silin. Ta ce a mayar da shi kan cikinta, inda tabon yake. Aka mayar. Ta sake saurare.

Sannan ta ja jikinta gefe da ƙyar, ta bar mini wuri. Ta ce, “To, matso.”

Na cire takalmi na hau.